Baba Ciɗo, Mai Ƙirga Darmar da Ta Kauce

Shekara talatin da 'yan kai, duk wanda ya bi ta bayan kasuwar dabbobi ta Tawa da hantsi ya san abin da zai gani. Wata 'yar rumfar kwano ce, da benci guda, da akwatin ƙarfe mai kwaɗo biyu. Baba Ciɗo yakan iso a kan tsohon kekensa bayan ya karya kumallo, ya jingine shi, ya share gaban rumfar da kansa, ya hura gawayin shayi. Kafin ya taɓa zarto ko awartaki sai ya zaga wurin magina ya roƙi buhunan siminti na takarda waɗanda aka zazzage. Ya farke su, ya kakkaɓe, ya ɗinke su huɗu-huɗu har su kai faɗin ƙyauren ɗaki. Baƙo zai ɗauka maɗinki ne ya rasa yadi. Alhali gyaran bindigar farauta ne sana'arsa, irin wadda makiyaya da masu garka ke ajiyewa saboda dila da karnukan daji da ɓarawon dabba.

A watan da ya wuce ya rufe rumfar, don idanu sun ce sun gaji. Ba a yi taro ba, ba wanda ya ba shi takardar yabo, shi ya sa na ɗauki alƙalami. Kuma ina da hujja. Akwai wata tsohuwa a wajen Takanamat, sunanta Ummul Kulsum, da ke tatsar awakinta kowace safiya da idanunta biyu, kuma ta yi shekara uku ba ta san cewa buhun siminti ne ya bar mata su ba.

Ni majo ne, wato babban malamin jinya na ƙaramar likitar ƙauye, na kuma aje aiki tuni. Gara in faɗa tun da wuri, ba na son bindiga, ko kallonta ba na so. Wanda ya taɓa zama da hantsaki yana tsintar ƙwayoyin darma daga cinyar mutum, ɗaya bayan ɗaya, yana jefa su cikin tasa suna ƙara, ba zai so ta ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, cikin goma da aka kawo mini, tara ba su aka nufa ba. An harbi kare, darma ta sami mai wucewa. An harbi dila, ta sami jakin maƙwabci ko maƙwabcin da kansa.

A kan irin wannan muka haɗu da Ciɗo, muna da sauran baƙin gashi. An kawo mini wani manomi da darma bakwai a kafaɗa, na cire su, na ɗaure. Washegari sai ga wani siririn mutum a bakin ƙofa, ya yi sallama, ya ce shi ya gyara bindigar da ta yi wannan aiki, yana so ya ga abin da aka cire. Na yi masa tatas. Ban rage masa komai ba. Ya tsaya ya shanye, sai da na huce ya ce:

"Majo, ka yi gaskiya. Amma nuna mini tasar. Kuma ka tambayo mini, taki nawa ne tsakanin mai harbin da karen, taki nawa tsakanin karen da mutumen."

Na tambayo. Ya zuba darmar bakwai a tafin hannunsa ya daɗe yana kallo. Ya ce shi da mai bindigar sun gwada ta kafin ya miƙa masa, kamar yadda kowa ke yi. An ɗora gwangwani a kan dutse, an harba, gwangwani ya yi tsalle, an ce bindiga ta yi kyau. "Uku sunka sami gwangwanin," in ji shi. "Ban taɓa tambayar kaina ina sauran sunka tahi ba." Ya roƙe ni darmar, na ba shi. Har ranar da ya rufe rumfa suna cikin wata 'yar kwalba a akwatinsa.

Tun daga nan ya daina gwajin gwangwani, ya fito da tsarinsa, wanda ya sa wasu suka riƙa cewa yana da taurin kai. Farko dai, bindigar da ba ta da takardar izni ba ya ko karɓarta, ko da ɗan sarki ya kawo. Na biyu, in ya gama gyara ba ya miƙa maka. Sai ya ba ka doguwar igiya ya ce ka koma gida. Ka ɗaura bakinta a ƙofar ɗakin da kake kwana, ka ja ta zuwa duk wurin da kake jin wata rana za ka iya nufa da bindiga, ka yi ƙulli a nan. Turken awaki ƙulli guda, rumbu ƙulli guda, darnin da dila ke ɓullowa ƙulli guda. Sannan ka lura da wanda ke zama ko wucewa kusa da kowane ƙulli, ka riƙe a kanka. In ka dawo da igiyar, ku hau kabu-kabu ku fita bayan gari, gindin wani tudun jan dutse inda ba hanya ba gona. Ya kafa ƙyauren takardarsa a jikin sanduna, ya zana dila da gawayi a tsakiya, ya shimfiɗa igiyarka a ƙasa. Kai da kanka za ka harba, kowane ƙulli da takardarsa.

A taki goma darma takan taru wuri guda, faifai ya rufe ta. A taki ashirin ta fara buɗewa. Daga talatin zuwa sama kuwa sai ka ga takarda ta zama kamar rariya, daga wannan gefe har wancan. Kowa idonsa kan dilan gawayi yake zuwa, yana murna ya samu. Ciɗo ko kallon dilan ba ya yi. Sai ya ɗauki gawayi ya bi hudojin da suka fita waje, yana zagaye su ɗaya-ɗaya, yana ƙirgawa a fili. In ya gama ya juyo ya yi tambayarsa, wadda duk ƙasar Adar ta arewa an san shi da ita:

"Waɗanga da sunka kauce, na wa ne?"

Na ga ƙarti majiya ƙarfi sun yi tsuru-tsuru a gaban wannan tambaya.

Issouf mai garkar albasa a Kalfu shi ya ba ni nasa labarin da bakinsa, yana dariyar kansa. Shi a da ya yarda bindigarsa tana kaiwa ƙarshen garka, taki tamanin, don ya taɓa harbawa daga bukka wani kare ya yi ihu. Ciɗo ya kafa masa takarda a taki tamanin. Darma biyar suka taɓa ta, ko ɗaya ba ta sami dilan ba, biyu ma maƙalewa suka yi a takardar ba su huda ba. Ciɗo ya ce masa, a wannan nisa ba za ta kashe kare ba, amma ta isa ta fasa idon mai ban ruwa. Issouf ya ce tun ranar in ya hangi abu a ƙarshen garka, garwa yake bugawa. "Majo, garwar ta hi bindigar aiki," in ji shi, "ga ta ba ta cin harsashi."

Baba Ciɗo, kai ne mai gyaran da ke rage wa kansa ciniki da hannunsa. Mutum nawa suka zo da kunamar bindiga ta lalace, suka koma sun rataye bindigar a bango? Kai ne ka sa makiyayi ya auna tsakar gidansa da igiya, abin da ko ranar gina gidan bai yi ba. Na sha ce maka wahalarka ta yi yawa, kana dariya kana zuba mini shayi na biyu.

To, yanzu ga labarin Takanamat.

Alƙasum makiyayin awaki ne, mutum mai sanyin hali, ɗan fari a wurin Ummul Kulsum. Kowa ya san yadda uwa take da ɗan farinta a wajenmu. Ba ta kama sunansa, ba ta zama su yi doguwar hira, in tana da magana da shi sai ta faɗa wa bango ko ta faɗa wa matarsa yana ji. Shi ma haka, kunya ba ta barinsa ya dube ta ido cikin ido. Shekara huɗu da suka wuce dila ya dame su, yana ɗauke 'yan awaki sabbin haihuwa, sai Alƙasum ya kawo tsohuwar bindigar mahaifinsa gyara, da takardarta. Aka ba shi igiya. Ya yi gunaguni, don daga Takanamat zuwa Tawa a dawo ba wasa ba ne, amma ya je ya dawo da ƙulli uku. Ina rumfar a ranar, na bi su bayan gari don ba ni da abin yi.

Ƙulli na uku taki talatin da huɗu ne, wata kafa a gindin darni inda dilan ke shigowa. Alƙasum ya harba. Dilan gawayi ya sha darma, har Alƙasum ya yi murmushi. Ciɗo ya bi na waje da gawayinsa, ya ƙirga ashirin da shida. Mafi yawansu sun karkata hagu, don tsohuwar bindigar haka take jefawa.

"Wa ka zama hagun kahwar nan?" in ji Ciɗo.

Alƙasum ya ce, "Inna. Nan taka tatsa, bayan darnin."

"Kamu nawa?"

"Bai hi biyu ba."

Ciɗo ya auna kamu biyu daga dilan zuwa hagu, ya zana da'ira daidai girman kan mutum a tsugune. Hudoji tara ne a cikinta. Ya naɗe takardar, ya rubuta sunan Alƙasum a bayanta, ya miƙa masa bindigarsa. Haka yake yi, takardun a wurinsa suke zama, a naɗe cikin rufin rumfa.

Bayan kamar shekara guda, wata safiya cikin kaka, gari ya waye tangararan, Alƙasum ya ji awaki sun ruɗe. Ya fito da bindiga. Ga dila nan a kafar darni, ya cafki ɗan akuya ɗan kwana biyu, kuma ba kowane ba, na jar akuyar Inna da take ji da ita. Ya ɗaga bindiga, ya saita, dila na tsaye sarai kamar an zana shi. Ya gaya mini yatsansa har ya hau kunama. Bai ga kowa ba, darni ya rufe. Sai dai ya ji ƙarar nono yana zuba cikin ƙwarya, ya kuma tuna da'irar nan mai hudoji tara. Ya sauke bindiga, ya cire takalminsa na dama, ya kurma ihu ya jefa. Dila ya tafi da ɗan akuya.

Ummul Kulsum ta miƙe daga bayan darni, ta ga ɗanta tsaye da bindiga a hannu da takalmi ƙafa ɗaya. Ai ba ta magana da shi kai tsaye. Surukarta ta kira da ƙarfi, yadda maƙwabta za su ji:

"Ke Raƙiya, gaya ma wancan ya kai takalmin Tawa a yi mashi takarda. Shi ne ka harbi a gidanga."

Kafin azahar duk ƙauyen ya ji. Sunan ya bi shi, Mai-takalmi. A bakin rijiya Mai-takalmi, a kasuwa Mai-takalmi, har abokan wasansa suna tuɓe takalma in sun hango shi. Shekara uku yana ɗauke da wannan suna. Na taɓa ce masa, kai kuwa me ya hana ka faɗi dalili? Ya ce, "Majo, in zamna gaban Inna in ce mata don ke na hwasa? Da wane baki?" Ya kuma hana Raƙiya faɗa, wai kada tsohuwa ta tsorata ta daina tatsar da take jin daɗinta. Sai dai ya toshe kafar da ƙaya, ya mayar da turken 'yan awaki wani gefe. Ni abin ya daɗe yana ci mini rai, don na san me darma tara ke yi wa fuska. Shi kuwa ko a jikinsa.

Da Ciɗo ya yanke shawarar rufe rumfa, sai ya aika wa mutanensa, ta bakin direbobin motocin ƙauye, cewa kowa ya zo ya karɓi takardarsa. Ranar Lahadi ta ƙarshe rumfar ta cika. Ana sauko da naɗaɗɗun takardu daga rufi, ni nake karanta sunayen don shi ba ya gani sosai. Can sai ga Alƙasum, da tsohuwa a bayansa tana dogara sanda. Ashe ya kawo ta likita ne saboda ciwon gwiwa, ya ce ta jira shi a inuwa ya karɓi saƙo. Ciɗo ya ji muryarta tana tambayar ko nan ne wurin da ake lalata bindigogin mutane. Ya yi dariya har da tari.

"Hajiya, bismilla, matso kusa," in ji shi. "Akwai ajiyarki wurina."

Alƙasum ya sha jinin jikinsa, ya fara cewa Baba a bari, amma Ciɗo ya riga ya warware takardar a jikin bangon rumfa. Ya kama hannun tsohuwa ya ɗora a kan dilan gawayi.

"Wanga shi ne dilan da ya ɗauke maki ɗan akuya. Nan kahwar darni take." Ya ja hannunta hagu, kamu biyu, ya ɗora a kan da'irar. "Nan kuma wa ka tsugunawa da ƙwarya?"

Yatsunta suka fara bin hudojin. Ina kallon leɓenta tana ƙirgawa a hankali. Da ta kai tara sai ta sake farawa, kamar ba ta yarda ba.

"Duka wanga a kaina?" ta ce.

"Da ya harba, i. Ya gani da idonshi tun kahin ranar, shi ya sa ya jehwa takalmi."

Ta daɗe hannunta na kan takardar. Alƙasum ya juya baya yana kallon keken Ciɗo kamar bai taɓa ganin keke ba. Sannan ta gyara mayafinta, ta kwance wani ƙulli a bakin zane, ta fito da cuku guda uku da ta yo guzuri, ta ajiye a kan bencin Ciɗo. Ta ce nonon jar akuyar ne. Ta ce ɗan akuyarta dai ya tafi, wannan ba ta yafe wa dilan ba. Aka yi dariya. Ta juya za ta fita, ta zo daidai inda ɗanta yake tsaye. Ba ta dube shi ba, ba ta kama sunansa ba. Sandarta ta miƙa masa, ta dafa kafaɗarsa, ta ce wa iska:

"A naɗe takardar nan da kyau. Ɗakina za ta."

Raƙiya ta aiko mini daga baya cewa takardar tana rataye a saman gadon tsohuwa, kuma duk wanda ya kuskura ya ce Mai-takalmi a gabanta sai ya ji ba daɗi. Abokan wasa dai ba su daina ba, su ba mai hana su. Alƙasum ma yanzu da kansa yake amsawa.

Baba Ciɗo, ga shi na rubuta, ko da yake na san za ka ce na cika surutu. Kai ne ka ɗauki laifin darma bakwai da ba kai ka harba ba, ka riƙe shi shekara talatin a cikin kwalba. Kai ne mai ƙirga abin da kowa ke kau da kai daga gare shi. Aikina shi ne in cire darma bayan ta shiga, ana gode mini, har kaji an sha kawo mini. Naka aikin ba ya barin tabo, shi ya sa ba a ganinsa. Ban san adadin mutanen da ba su taɓa kwanciya a kan teburina ba saboda kai, kuma su kansu ba su sani ba. A madadinsu nake cewa mun gode. Allah ya saka da alheri, ya ƙara lafiya, ya bar maka sauran ganin da ya rage har ka ga jikokin jikoki.

Yanzu yana gida, yana kiwon tattabaru, matarsa Hajaratu tana ƙorafin ya cika mata tsakar gida da buhunan siminti, don har yau in ya ga an yar sai ya tsinto. Na tambaye shi ko bai damu ba da ya rufe rumfa ba magaji. Ya ce gyaran kunama ne ke son maƙeri, shi kuma akwai masu yi. Igiya da takarda da gawayi kuwa ba sa son kowa.

Don haka ku masu bindiga a rataye, daga Tawa har Kalfu har Takanamat, ba na ce ku so ta ko ku ƙi ta ba. Ku nemi igiya ku auna gidajenku. Ku sami wurin da ba kowa, ku kafa takarda, ku bar kallon abin da kuka samu, ku ƙirga abin da ya kauce. Mu ma da ba mu riƙe bindiga, malamin lakwal, wato makaranta, da direba da mai allura, kowa yana da abin da yake saki ya wuce inda ya nufa. In kun gama ƙirga, ku yi wa kanku tambayar tsohon nan, ku kuma ba da amsa da suna. Alƙasum ya ba da tasa a gindin jan dutse, ya ce Inna, kuma yau da safe ma ta tatsi jar akuyarta.